Yarona yana ƙirga har 30 da baki, amma in na ce ya kawo cokali biyar sai ya cika hannu

Maman Abba, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, don Allah ina neman shawara a kan yarona. Shekararsa huɗu babu wata biyu, yana rabin aji. In aka ce ya yi ƙirga da Turanci zai tafi har 30 kamar mai rera waƙa, sai dai yakan tsallake 15 wani lokaci. Amma in na ce ya ɗauko mini cokali biyar a kwando, sai ya cika hannu ya kawo takwas ko tara. In na jera masa murfin kwalba guda bakwai na ce ya ƙirga, yatsa na gudu baki na gudu, sai ya ƙare a 11. Da na ce "to, nawa ne?" sai ya koma farko ya sake jero su.

Antinsu ta ce yana ƙoƙari, babansa kuma ya ce wasa ne ya yi masa yawa. Ta ina zan fara? Da Hausa zan koya masa ko da Turanci, tunda da Turanci ake yi musu a makaranta? Kuma minti nawa ya kamata a yi a rana?

Malamar Rabin Aji, Kawo

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Ki kwantar da hankalinki, haka yawancin yara masu shekara uku zuwa huɗu suke, kuma ba wasa ne ya jawo ba. Abin da yake yi da baki hadda ce. Haddar tana da amfani, don sai ya riƙe sunayen a jere kafin ya yi aiki da su. Amma akwai abu biyu da ba su zauna ba tukuna. Na farko, kowace kalma ta sauka a kan abu ɗaya tak. Na biyu, ya gane cewa kalmar da ya tsaya a kanta ita ce yawan kayan gaba ɗaya. Rashin na biyun ne ya sa yake komawa farko. A wurinsa, "nawa ne?" yana nufin "sake waƙar".

Kafin ki koya masa komai, ki gwada ki ga inda ya tsaya. Zuba cokali goma a faranti ki ce, "Ba ni ɗaya." Ki mayar, ki ce, "Ba ni biyu." Ki mayar, ki nemi uku, sannan huɗu. Kowane adadi ki nema sau uku, a cakuɗe, kada ya bi jeri. Inda ya daina zaɓa ya fara damƙowa, nan ne iyakarsa. Kada ki yi mamaki in iyakar ta tsaya a biyu ko uku. Wata mai bincike, Karen Wynn, ta nuna a farkon shekarun 1990 cewa yara suna gane ma'anar ɗaya, sai bayan watanni su gane biyu, sannan uku, kuma tsakanin iya jero sunaye da gane abin da ƙirga ke nufi akan ɗauki kamar shekara guda.

To, daga iyakar nan za ki fara, ki ƙara ɗaya kawai. In ya tsaya a uku, aikinku na wannan makon huɗu ne, ba goma ba.

Ki kawo faranti biyu. Kayan suna na hagu, na dama babu komai. Zai ɗauki cokali ɗaya, ya ajiye a na dama, sai ya ji ƙarar saukarsa sannan ya ce "ɗaya". Ɗaukar nan ita ke rage wa baki gudu, don hannu ba zai iya saurin harshe ba. Kuma abin da aka ƙirga ya bar wurin, ba zai sake ƙirga shi ba. A kwana biyu na farko ki ɗora hannunki a kan nasa ku yi tare. In ya kai na ƙarshe, ki ja muryar: "huuuɗu". Sai ki zagaye farantin da yatsa ki ce, "Cokali huɗu ne." Wannan zagayen kada ki bar shi ko sau ɗaya, shi ke haɗa kalmar ƙarshe da tarin duka. Bayan nan ki kifa murfin tukunya a kai ki tambaya, "Nawa ne a ƙasa?" Tunda ba ya ganinsu, ba zai iya komawa farko ba, dole ya riƙe kalmar. In ya manta, ki buɗe ku sake, babu faɗa.

Ki lura da irin kuskuren da yake yi, don kowanne da maganinsa. In yana taɓa abu ɗaya ya faɗi kalma biyu, sauri ne, faranti biyu za su gyara. In yana tsallake abu, kayan sun matsu da juna, ki ba su tazarar faɗin yatsa biyu. In ya gama kayan bakinsa bai tsaya ba, ki sa tafin hannunki a ƙarshen layin ya zama bango. In kuwa jerin sunayen ne ke rikicewa, to matsalar hadda ce, a gyara ta daban da tafi ko hawan matakala, ba a kan kaya ba.

Sai faranti biyu sun zauna za ki koma layi miƙaƙƙe yana taɓawa ba ɗauka. Bayansa kaya a warwatse, inda shi zai tsara su da kansa. Hoton littafi ya fi duka wuya, don ba ya matsuwa, amma abin takaici da shi ake fara wa yara a aji da yawa.

Lokaci kuwa, minti biyar zuwa goma ya isa, sau biyu a rana, ba da yunwa ko barci a ido ba. Sauran a cikin aikin gida ne. Ya kawo wa kowa kofi ɗaya lokacin shan koko, ya sa ƙosai bibbiyu a kowane faranti, ya duba takalman baƙi a bakin ƙofa. In kun fito titi, babur ƙafa biyu, Keke Napep uku, mota huɗu. Wani abin da yara ke so ƙwarai: ki ƙirga da kuskure da gangan, ki taɓa cokali ɗaya sau biyu, ki tambaye shi, "Na yi daidai?" Yaro kan kama kuskuren wani kafin ya iya kauce wa nasa.

Malamin Lissafi, Unguwar Rimi

Malama ta gama magana a kan hannu da kaya, Allah ya saka da alheri. Ni zan ɗauki tambayar harshe, don ina ganin nan iyaye ke asara ba su sani ba.

Hajiya, ki koya masa da Hausa a gida. Harshen da yake cewa "ƙara mini" da "nasa ya fi nawa yawa" a cikinsa, nan ma'anar yawa take zaune. In ya gane cewa huɗu ita ce uku da aka ƙara wa ɗaya, ɗora sunan Turanci a kai aiki ne mai sauƙi, sunan kawai zai sauya. Abin da za ki kiyaye shi ne kada a gauraya a cikin ƙirga guda. In kun fara da Hausa ku ƙare da Hausa. In kuna so ku sake da Turanci, ku sake a kan kayan nan dai, daga farko.

Kuma Hausa tana da wata fa'ida a nan. Mu muna cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, goma sha uku. Yaro yana jin goman a kunnensa, yana jin abin da aka ɗora mata. A Turanci sunan 11 da na 12 ba su nuna goma ko kaɗan, haddarsu kawai ake yi. Sunan 13 da 15 ba su fito da uku da biyar yadda yaro ya san su ba, shi ya sa yara da yawa ke tsallake su, kamar yadda naki yake yi da 15. Ga 13 da 30, 14 da 40, sautinsu kusan ɗaya. Sannan a 14 huɗun ake fara ji, sai yaro ya rubuta 41. Saboda haka idan lokacin ya zo, ki faɗa masa cikakke, "goma sha huɗu", kada ki gajarta zuwa "sha huɗu" yadda muke yi a kasuwa. Haka "ashirin babu ɗaya" da "ashirin babu biyu", ki ajiye su sai ya girma, don ragewa ce a ciki. Inda Hausa ke da tata wahalar shi ne ashirin, talatin, arba'in zuwa sama, waɗanda muka aro daga Larabci. Tsohuwar Hausa gomiya biyu take cewa, gomiya uku. Za ki iya amfani da wannan wurin bayani: ashirin goma biyu ce.

Kayan aiki guda biyu nake ba da shawara, duk ba sai an saya ba.

Kiret ɗin ƙwai na kwali rami 30 gare shi, layi shida na biyar-biyar. Ki yanko layi biyu, kin sami rami goma, biyar sama biyar ƙasa. A riƙa cikawa daga hagu, sai layin sama ya cika a sauko ƙasa, kullum haka. Rami ɗaya abu ɗaya, don haka kwalin da kansa yana hana kuskure. Da sabo zai ga bakwai a matsayin layi cikakke da biyu, ya ga saura rami uku, ba tare da an ce masa ana tarawa ko ragewa ba.

Na biyu, ki zana gidaje goma a miƙe a kan siminti da alli ko gawayi, kamar na 'yar gala-gala amma layi ɗaya, ki rubuta 1 zuwa 10 daga hagu zuwa dama, gidajen girmansu ɗaya. Ki sami murfin kwalba babba, gefe ɗaya ɗigo ɗaya, ɗaya gefen ɗigo biyu, a jefa. Ga inda ake kuskure: in yana gida na 3 ya sami biyu, kada ya ce "ɗaya, biyu". Ya ce "huɗu, biyar", wato sunan gidajen da yake takawa. Wannan ne ke koya masa ci gaba daga tsakiya, da sanin cewa 8 ta fi 5 nisa daga farko.

Kuɗi kuma a bar shi tukuna. Takarda ɗaya ce a hannunsa amma an ce hamsin ce, wata ɗayar an ce ɗari biyu. Yaron da ke koyon abu ɗaya kalma ɗaya, wannan ruɗa shi zai yi.

Maman Abba, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Malama da Malam, Allah ya ƙara basira. Na gwada na cokalin, a uku ya tsaya. Saura abu ɗaya. Ana ba su aikin gida su rubuta 1 zuwa 50, yana juya 3 da 7 baya, kuma kuka yake kafin ya kai 20. Da yamma yana zuwa Islamiyya, can ma an fara nuna musu lambobin Larabci. Ba za su cakuɗe masa ba?

Malamin Islamiyya, Rigasa

Maman Abba, za su iya cakuɗewa, kuma akwai wuraren da aka san suna cakuɗewa. Biyar ta Larabci (٥) kamar sifilin boko take. Shida (٦) kamar 7. Huɗu (٤) kamar 3 da aka juya baya, to yaron da dama yake juya 3 kin ga inda za a je. Bakwai (٧) da takwas (٨) siffa ɗaya ce, ɗaya ta buɗe sama ɗaya ta buɗe ƙasa. Sifilin Larabci kuma ɗigo ne kawai, yara kan ɗauka datti ne a takarda.

Abin yi shi ne a raba musu muhalli. Na boko a littafin boko da fensir, na Larabci a allo ko littafin Islamiyya, kada a jera su a shafi ɗaya a wannan shekarun. Kuma kada a nuna alama sai adadinta ya zauna a hannu. Tunda a uku ya tsaya, alamomin 1, 2, 3 sun ishe shi a kowane ɓangare. Ki yanka kwali ki rubuta alamar da girma, ki sa ɗigo a ƙasanta daidai adadin, ya ɗora dabino ɗaya a kan kowane ɗigo. Ki yi wa malaminsu bayanin inda yaron yake cikin ladabi, galibi za su fahimta.

A gida akwai ƙirga da yake gani kullum. Wanke hannu sau uku a alwala, ya ƙirga miki da baki kina yi. Asuba raka'a biyu, Magariba uku, Azahar huɗu. Waɗannan abubuwa ne da ba a riƙewa a hannu, suna wucewa, kuma ƙirga su mataki ne na gaba da cokali. Carbi kuwa kada a ba shi don ƙirga yanzu. Ƙwayoyin sun yi yawa, sun matsu, kuma zagaye ne, ba zai san inda ya fara ba.

Don Allah a gaya wa babansa a hankali cewa tsawa da bulala ba sa shigar da lissafi. Yaron da ya tsorata fuskar mai tambaya yake karantawa, yana canki-canki don ya tsira, ba kayan yake kallo ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa

Ina da gyara kaɗan a kan kayan ƙirgar, don an ambaci murfin kwalba da dabino. Wake, masara, gyaɗa, tsakuwa, ƙwallon dabino da duwatsun ado su ne abubuwan da ake yawan cirowa daga hanci da kunnen yara. Wake ya fi muni, don in ya sami danshi kumbura yake ya toshe wurin. Gyaɗa kuma in yaro ya yi dariya tana bakinsa tana iya faɗawa hanyar numfashi. Ga ɗan shekara huɗu, a yi da babba a zaune kusa, a ƙirga kayan kafin a fara, a sake ƙirgawa in an gama. In akwai ƙani mai rarrafe ko wanda bai kai shekara uku ba, duk abin da zai wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu bai dace ba, har da murfin kwalba. A yi da cokali, kofi, lemo, takalma. In abu ya shiga hanci ko kunne, kada a sa tsinke ko ashana, tura shi ciki za a yi. A tafi asibiti.

Sannan ki lura da ji da gani. Yaron da kullum sai an maimaita masa magana, ko yake ƙure sautin talabijin, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, a duba jinsa kafin a ce ba ya ganewa. Wanda yake kai takarda dab da ido ko yake ƙanƙance ido, a duba ganinsa. Mu a Kaduna abin ya zo da sauƙi, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa duk suna cikin garin nan.

Waƙoƙin ƙirga na waya hadda suke ƙarawa, wadda yake da ita har ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana a zaune gaban allon waya ko talabijin, in bai kai haka ba ma ya fi.

Malamar Rabin Aji, Kawo

Maman Abba, tunda a uku ya tsaya, ki ajiye kwalin ƙwai mai rami goma tukuna. Malam, a yi mini afuwa, shawarar tana da kyau amma ta yi masa wuri. Ki yanko layi ɗaya mai rami biyar ku yi aiki da shi har sai kin ce "ba ni biyar" ya ba ki biyar daidai, kwana uku a jere, da kaya iri daban-daban. Sannan a ƙara layi na biyu. Gidajen alli ma a fara da biyar.

Juya 3 da 7 ba ciwo ba ne, yara da yawa suna yi har wajen shekara bakwai. Kofi ko an juya hannunsa hagu ko dama kofi ne, sai a rubutu ne kawai juyi ke sauya abu, kuma wannan sabon ilimi ne a wurinsa. Rubuta 1 zuwa 50 kuwa ya fi ƙarfin yatsun ɗan shekara huɗu, kukan gajiya ce ta gaske. Ki zuba yashi a tire ya rubuta da yatsa, babba-babba, alama ɗaya a rana. Ki sa masa ɗigo inda zai fara, don yawancin juyin daga wurin farawa yake. Ki riƙa faɗin tafiyar hannun: 7, "ja zuwa dama, gangaro ƙasa". Aikin gidan ki raba shi layi ɗaya yanzu, ɗaya bayan la'asar, ki sami antinsu ki roƙa a rage masa.

Kada ki hana shi ƙirga da yatsu. Ki nuna masa uku ta hanya fiye da ɗaya, uku a hannu ɗaya, ko biyu nan ɗaya can, ya ga duk uku ce. Wani abu kuma da zai ba ki mamaki nan gaba: ki jera lemo biyar da biyar, ya yarda daidai suke, ki baza layi ɗaya ya yi tsawo, zai ce wannan ya fi yawa. Ba koma baya ya yi ba, yara kan kai shekara shida ko bakwai kafin wannan ya zauna sosai. Ki ce masa kawai, "Mu ƙirga mu gani," ku haɗa su bibbiyu, kowane lemo da abokinsa.

Bayan mako biyu ki sake gwajin cokalin yadda kika yi na farko, adadi a cakuɗe, kowanne sau uku, ki dawo ki gaya mana inda ya kai.